Ina Zaren da ke Cikin Allirar Babana?

Zuwa ga Shugaban Gidan Adana Kayan Tarihin Birni,

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, har da masu share ɗakunan nan da goge gilasai, don na ga aikinsu da idona, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Sunana Hadiza. Malamar firamare ce ni a Kalgo, amma 'yar Gwandu ce, can aka haife ni, can mahaifina yake har yau. Ba ka san ni ba. Sai dai a ɗaki na uku na gidanka, hannun hagu in an shiga, akwai wata masaƙa da na yi rarrafe a gindinta tun ban iya tafiya ba. A kanta nake rubuto maka. Sau biyu ina aiko da takarda ofishinka, ta farko na bar ta da hannuna wajen mai tsaron ƙofa, ta biyu na ba wani direba da ya rantse mini ya kai. Har yau shiru. Shi ya sa wannan karon na rubuta inda jama'a za su gani, ko Allah zai sa wani da ya san ka ya karanta, ya ce maka ana nemanka.

Bari in fara da yadda masaƙar ta zo hannunku. Shekarun baya, ina kwalejin horon malamai, na zo hutu gida, wasu mutum uku suka zo Gwandu a mota da sunan gidanka. Suka ce suna tattara kayan sana'o'in da suka ciyar da kasuwar birni, domin a da fatake kan sayi sawaye, wato dogayen ƙyallayen da ake saukewa daga masaƙa, a ƙasarmu, su kai marinar birninku a rina, a ɗinka riguna. Aka nuna musu gidanmu. A lokacin Baba ya riga ya ajiye saƙa saboda ido, yayyena maza biyu kuwa ɗaya ya kama tuƙi, ɗaya ya shiga harkar albasa. Ya ba su masaƙar kyauta, suka ba shi takarda mai hatimi, tana nan cikin gafakarsa har gobe. Dalilinsa shi ne, in ta zauna a gida gara da ɓera za su gama da ita, ko a wayi gari wata ta hura wutar tuwo da itacenta. Gidanku kuwa aikinsa ke nan, ajiya. Sharaɗi guda ya kafa musu, a gabana, ina durƙushe da kwanon ruwan da na kawo musu: kada a cire zaren da ke cikin allira. Suka ce to.

Ranka ya daɗe, na san ka fi ni ilimi nesa ba kusa ba, amma ka yi mini haƙuri in yi bayanin wannan zare, tunda duk maganar a kansa take. Allira ita ce igiyoyin nan masu idanu da zaren tsaye ke bi ta cikinsu, waɗanda masaƙi ke takawa da ƙafa su buɗe wa ƙoshiya hanya. In masaƙi ya gama saƙa, ba ya zare komai daga cikinta. Yankewa yake yi, ya bar kamar taki ɗaya na zare a ciki, ya ƙulle shi gaba da baya. A gidanmu wutsiya ake ce wa wannan ragowa, ban san abin da masaƙan wasu wurare ke kiranta ba. In zai ɗora sabon aiki, sai ya zauna ya ƙirga wutsiyar, baƙi kaza, fari kaza, ja kaza, ya yi wadari, wato ya jera sabon zaren tsaye, daidai da ita, sannan ya murza sabon zare da tsoho ɗaya bayan ɗaya, baƙi da baƙi, fari da fari. Ba a rubuta tsarin saƙa a takarda, kuma ba kowa ke riƙe shi da ka ba. Yana cikin wutsiya.

Tsarin gidanmu bakin gulbi muke ce masa. Ratsin baƙi ne mai faɗi, sai ƙananan ratsin fari da ke ta raguwa, sai wani ja siriri da sai ka matso za ka gan shi. Baba ya gaji allirar daga babansa da wutsiyarta a ciki, shi ma haka ya gada. Zaren kan sabunta duk aiki, amma jerin bai taɓa yankewa ba. Ni a yarinta aikina naɗin kwarkwaro ne kawai, ɗan karan zaren da ake sawa cikin ƙoshiya, saƙa ta maza ce, ba wanda ya ce in ƙirga komai, ni ma ban taɓa tambaya ba. Wannan nawa laifin ne, kuma ina jin zafinsa.

Abin da ya tayar da maganar yanzu shi ne, bayan girbin bara wani masaƙi daga Dodoru, Malam Sani, ya zo gaida Baba. Magidanci ne, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage suna wannan sana'a a wajenmu. Ya ce yana yaro ya taɓa ganin bakin gulbi a kafaɗar kakansa, yana so Baba ya ba shi ƙirgen ya saƙa. Na daɗe ban ga Baba ya yi murna irin ta ranar ba. Ya gyara zama ya fara ƙirga da yatsu, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya sake farawa, ya fito da wani adadi daban. Kwana uku yana yi, kullum da abin da zai ce. Mun nemi ko tsumman bakin gulbi a gidajen dangi har Malisa, ba mu samu ba, duk an sa an kashe. Daga baya ya ce mu daina wahala, ai ajiyarsa tana nan a birni, in na sami zuwa in je in ƙirgo.

Allah Ya kawo dama a hutun ƙarshen zango, aka tura mu wani taron bita na malamai a birninku. Ranar da aka tashi da wuri na ja abokiyar aikina, Madam Rifkatu, mutuniyar Zuru, muka nufi gidanka. Na tafi da littafi da biro da waya cike da caji, kai ka ce jarrabawa zan rubuta.

Kafin in kai ga kukana, dole in faɗi gaskiya: gidanka ya burge ni. Ban taɓa shiga irinsa ba. Na tsaya a gaban taswirar nan ta yumɓu da aka gina birnin da ganuwarsa da ƙofofinsa, har da ƙananan rijiyoyi, na rasa wanda ya zauna ya yi wannan haƙuri. Na ga ƙaton ƙyauren nan mai ƙaramar ƙofa a jikinsa, aka ce da ita ake shigar da wanda ya zo bayan an rufe gari, sai ya sunkuya ko sarkin fawa ne. Na ga wuri, kuɗin mutanen da, a cikin ƙwarya, na tambayi ma'aikacin da ke zagayawa da mu yadda ake sanin na gaske da na bogi, ya yi dariya ya ce ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Madam Rifkatu ta maƙale a gaban tsofaffin hotunan kasuwa tana neman wata mai kama da kakarta, sai da na janye ta da hannu. A ɗakin marina na koyi abin da ban sani ba duk zamana 'yar masaƙi, wato yadda ake dukan tufa har ta yi ƙyalli. Na yi ta ayyanawa a raina, ashe nan sawayen Baba ke ƙarewa, ashe wannan shi ne ɗaya rabin labarinmu. Da wannan farin cikin na shiga ɗaki na uku.

Daga bakin ƙofa na gane ta. Akwai tabon wuta a ƙafarta ta dama, inda fitila ta taɓa faɗuwa, yana nan. Na ƙarasa da sauri, na leƙa allira. Babu wutsiya. An zare ta tas, an zura wani sabon zaren kanti mai sheƙi, kore da ruwan ɗorawa, irin wanda ake saƙa hular jarirai da shi. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Madam Rifkatu ta ɗauka jiri ne, ta shiga yi mini fifita da takardar bitarmu.

Ma'aikacin nan mutumin kirki ne, ina roƙo kada wannan takarda ta jawo masa faɗa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce shi bayan an yi wa gidan kwaskwarima aka ɗauke shi aiki, amma ya ji an ce a lokacin an goge kaya da yawa, an cire abin da ya tsufa ya yi dauɗa. Ya ce akwai ɗakin ajiya a baya, mai riƙe da makullin ba ya nan, in rubuto. Na rubuto. Ga tambayoyina, kuma Allah Ya sani neman sani ya fi yawa a cikinsu, ba neman rigima ba.

Na ɗaya. Da aka cire wutsiyar, ina aka kai ta? Wannan ita ce babbar tambayata, in ita kaɗai za ka amsa ma na gode. Shin al'adar gidanka ce a adana abin da aka cire daga jikin kaya, a sa a leda a rubuta lamba, ko shara ake kaiwa? Abu ne da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, zaren auduga kaɗin hannu, baƙi da fari da ɗan ja, da ƙulli a kowane gefe. Wanda bai sani ba zai ce tsumman goge fitila ne.

Na biyu. Yaya aka cire ta? In an yanke igiyar allirar an fitar da ita da ƙullinta, jerin yana nan, Malam Sani zai ƙirga shi cikin rabin yini. In kuwa an kwance ƙulli an zare ɗaya-ɗaya, zaren ya cakuɗe, za a san yawan baƙi da yawan fari amma ba za a san wanne ke bin wanne ba. A nan sai an haɗa da Baba, domin ko kansa ya manta, ina sa ran in zaren ya shiga hannunsa yatsunsa za su tuna.

Na uku. Mutanen nan uku da suka zo Gwandu, ɗayansu yana rataye da kyamara, na ga ya ɗauki masaƙar ta gaba da ta baya kafin a kwance ta. Ina hotunan? Ɗayan kuma yana ta rubutu Baba na magana. Ya rubuta sharaɗin? In ya rubuta, a wane littafi, kuma masu goge kaya suna ganin wannan littafin kafin su taɓa abu? Ina tambaya ne don mu ma a makaranta haka take faruwa da mu, hedimasta ya tafi da abin da ya sani a kansa, wanda ya gaje shi ya zo ya fara daga farko.

Na huɗu, kuma wannan ita ce ta fi hana ni sakat tun da na dawo. A gida irin naka, wa ke yanke hukuncin cewa wannan dauɗa ce, wannan tarihi ne? Na ga kun bar tsatsa a jikin takubba, kun bar baƙin hayaƙi a gindin tukwane, har an rubuta cewa shaidar amfani ce. Na yarda da haka. To me ya sa tsufan zare bai sami wannan alfarma ba? Ko don itace da ƙarfe su ne kaya a ganinku, zare kuwa abin da ke maƙale da kaya ne? A wajen masaƙi abin ya sha bamban. Duk itacen masaƙar nan kafinta zai sassaƙa maka irinsa kafin la'asar. Abin da ba a samu a kasuwa shi ne wanda aka cire. Ina so in san ko kafin a gyara kayan wata sana'a kukan kira mai sana'ar ya tsaya a kai. In kuna yi, me ya hana a ranar? In ba ku yi, me zai hana a fara? Ai masaƙa ba su ƙare a birninku ba, na ji ƙarar ƙoshiya a wani lungu kusa da masaukinmu.

Na biyar, ƙarama ce, har ta ba ni dariya bayan na huce. Dutsen nan da ke kan ɗan katako, wanda kuka sa a ƙarƙashin ƙafar mutum-mutumin masaƙi, ba matashin ƙafa ba ne. Kunkuru ne. Can nesa ake ajiye shi a gaban masaƙa, a ɗaure ƙarshen zare a jikinsa don ya ja shi ya miƙe, yana matsowa a hankali ana saƙa. Yadda kuka zaunar da bawan Allahn nan, ƙafa ɗaya kan dutse, ƙoshiya a juye a hannu, ko shekara zai yi ba zai saƙa ɗan kamfai ba. Yaran makaranta suna zuwa suna zana shi a littafi haka nan, na gan su.

Na shida. Allon da ke gabanta ya ce masaƙar gargajiya ce ta mutanen birni. Ba a ambaci Gwandu ba. Ban sa wannan a gaba ba, don Baba bai ba da ita don suna ba. Amma ina ganin gyarawa zai ƙara wa birninku girma ne, mai ziyara ya san cewa kasuwarsa ta kai har a zauna a Gwandu ana yi mata aiki.

Ranka ya daɗe, ranar Juma'a na dawo, ban ko sauke jaka a Kalgo ba na wuce Gwandu. Duk hanya ina shirya ƙaryar da zan yi. Na ce zan ce an rufe ɗakin ana gyara, ko in ce an hana taɓawa. Na sami Baba a zaure bayan an sauko daga masallaci, Malam Sani na gefensa, ashe tun hantsi ya zo jirana da ƙunshin zare a leda. Da na ga ledar nan sai ƙaryar ta ƙi fita. Na durƙusa na faɗa masa abin da na gani, ban rage komai ba.

Ni na zaci zai yi faɗa, ko ya yi Allah ya isa, don Baba a ƙuruciyarsa ba ya ɗaukar wargi a kan aiki. Da ya buɗe baki cewa ya yi: "Ni ad da laihi. Na ce musu kar su hidda shi, amma ban hwaɗa musu dalili ba. Ban aza akwai babban mutum wanda bai san wanga abu ba." Daga nan ya ce a ba Malam Sani ruwa, ya juya fuska bango.

Wannan magana ta fi yi mini ciwo a kan in ya zage ku. Mutum ya yi shekara da shekaru cikin sana'a har ya ɗauka duk duniya ta san abin da ya sani. Ku kuma kuka ɗauka abin da ba ku san amfaninsa ba ba shi da amfani. Mu 'ya'yansa muna zaune muna kallo.

Tun daga ranar, da safe sai ya sa a shimfiɗa masa tabarma a inda rana ke faɗowa, ya jera tsinken tsintsiya a madadin fari, tsinken da aka shafa wa gawayi a madadin baƙi. Ya jera, ya shafa, ya watsa, ya sake. Malam Sani na zuwa duk mako daga Dodoru a kan babur, ya zauna ya rubuta abin da aka jera. Shafi bakwai ya cika, ba biyu da suka zo ɗaya.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙo ka sa a buɗe ɗakin ajiyar nan a duba, cikin kwalaye da ledoji da duk inda ake tura abin da ba a san inda za a sa shi ba. In an sami wutsiyar, don girman Allah kada a wanke, kada a kwance, kada a yi mata gyaran komai. A bar ta yadda take a sanar da ni ta ofishin da na bar takarduna, akwai bayanin inda za a same ni a ciki. Ba na cewa ku ba mu ita, taku ce, an ba ku. Aron yini ɗaya muke nema, ko ku turo wani ya kawo ta Gwandu ya koma da ita, ko ku ba mu izini mu kawo Baba ya taɓa ta a gabanku. Tafiyar za ta ba shi wuya, amma ya ce zai iya.

In ba a same ta ba, a nemo hotunan. In su ma babu, ka rubuto mini kalma biyu ka ce babu, in san abin da zan gaya masa, ya daina jira. In Allah Ya sa aka dace, Malam Sani ya yi alkawarin sawu na farko da ya sauko daga masaƙarsa naku ne, kuma zai zo da kansa ya zura muku wutsiya a allirar, ya mayar da kunkuru mazauninsa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, shi ne lokaci. Na san ofis yana da tsarinsa, takarda kan bi tebur-tebur kafin ta iso gabanka. Amma Baba ya haura tamanin, kuma abin da ke barin kansa ba ƙirgen zare kaɗai ba ne. Makon jiya da na kai masa kunu ya karɓa ya yi godiya, sannan ya tambaye ni ko ni 'yar gidan wa ce. Kafin azahar ya dawo daidai, har ya tsokane ni a kan gishirin miya. Yatsunsa dai har yanzu ba su daina jera tsinke ba. Ban san ko wata nawa suka rage mana a haka ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya taya ka riƙon amanar da mutane suka danƙa wa gidanka, Ya sa ka gama aiki lafiya. Allah Ya jiƙan iyayenka in sun rigaye mu, in suna raye Ya ba ka ikon tambayarsu abin da suka sani tun suna iya faɗa.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Hadiza, 'yar masaƙi,
Kalgo da Gwandu, Jihar Kebbi.